Bindigar Yaya Munzali

Ruwa ake yi ranar da na sauka Manchester, irin ruwan nan nasu da ba ya zuba sosai kuma ba ya ɗaukewa, sai dai ya jiƙa mutum a hankali. Na tsaya a ƙofar wani gida a Rusholme da akwatunana, ina ta danna ƙararrawa. Wani mutum da muka yi magana ta waya tun ina Kano ne ya ce ya kama mini ɗaki a gidan. Ya turo hotuna har da na banɗaki, ni kuma na biya shi. Da aka buɗe ƙofa, wata 'yar Pakistan ce ta leƙo da jariri a kafaɗa. Na nuna mata hoton. Ta ce lallai ɗakinta ne, ga ma labulenta, amma ita ba ta taɓa ba da haya ba, kuma ba ni ce ta farko da aka turo mata ba. Na kira lambar mutumin, tuni ta daina shiga.

Ban yi kuka ba sai da matar ta ce in shigo in sha shayi. A falonta na yi 'yan kwanaki, a kan kujera, 'ya'yanta suna tsallake ni da safe in za su makaranta, har jami'armu ta samo mini wani flat a bayan Oxford Road.

Sunana Rabi. Karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ya kai ni, kuma yayana Munzali ne ya tsaya mini. Tun rasuwar mahaifinmu shi ne uba a gidanmu. Yana da shagon kayan masarufi a bakin titi, shinkafa da taliya da man girki. Mutum ne mai sanyin hali, ga tsoron allura kamar yaro. In za a yi masa sai ya kawar da kai yana salati.

A flat ɗin mu biyu ne, ni da wata Ba'amurkiya mai suna Kelsey, doguwa mai dariya da ƙarfi, 'yar manoma. Tarihi take karantawa. Ita ta koya mini yadda ake kunna na'urar ɗumama ɗaki da yadda ake tsayar da bas da hannu, domin da farko nakan tsaya kawai ina jira direba ya gane ina son shiga.

Wata Asabar na fita sayen albasa, sai na ji ganga da usur da hayaniyar mutane suna tahowa ta Oxford Road. Ƙafafuna ba su yi shawara da ni ba. Na faɗa wani shagon burodi, na durƙusa a bayan kanta. A inda na taso, in ka ji irin wannan, abin da ke biyowa baya hayaƙi mai sa hawaye ne, wani lokaci har da abin da ya fi shi.

Tsohon Bature mai shagon ya leƙo ni ta saman gilashinsa.

"Lafiya kuwa, love?"

Na ce, "Zanga-zanga ake yi."

Ya ce, "Asabar ce ai. In ba su zo ba ma sai in ɗauka wani abu ya faru."

Na miƙe ina kakkaɓe siket, kunya kamar in nutse. Ta gilashin shagon na ga mutane suna wucewa da kwalaye, mata suna tura keken jarirai, wani ma har ya rataya wa karensa ƙaramin kwali a wuya. 'Yan sanda suna tafe a gefe cikin riguna ruwan ɗorawa. Na zuba wa ƙugunsu ido ɗaya bayan ɗaya. Ga ankwa, ga kulki, ga rediyo. Bindiga babu.

Abin ya tsaya mini a rai. Na manta da albasa na bi su. Da aka tsaya a wata mahaɗa na matsa kusa da wata 'yar sanda mai jan gashi, na gaishe ta, na ce, "Don Allah ina bindigarki?"

Ta yi dariya. "Ba ni da ita. Akwai masu ita, in an buƙace su sai a kira su."

"To in wani ya taso miki da wuƙa fa?"

"Sai in ja baya, in yi ta yi masa magana, in kira 'yan uwana."

"Ba kya jin tsoro?"

Ta dube ni, ta daina dariyar. "Kullum," in ji ta. Sai aka ci gaba da tafiya.

Ranar na kira Yaya na ba shi labari. Ya yi ta dariya, ya ce a kawo su Kano su yi mako guda a gani. Shi yana da bindiga mai baki biyu, da lasisinta. Ya saye ta ne bayan 'yan fashi sun shiga shagonsa sun ɗaure shi da igiyar buhu, suka ɗora masa bakin bindiga a kunne. Tun daga lokacin take jingine a bayan buhunan shinkafa, ban taɓa jin ya harba ta ba.

Ina cikin rubuta aikina na ƙarshe, a laburare, Inna ta kira. Inna ba ta kira da rana, ta san ina aji. Na fita baranda na ɗauka.

"Rabi, ki yi salati tukuna."

Na yi. Ta ce ba mutuwa ba ce a gidanmu, amma an yi mutuwa.

Ga yadda abin ya faru, kamar yadda na tattaro shi daga bakinta da na sauran 'yan uwa. An fito zanga-zangar tsadar rayuwa. Da safe lafiya lau, mutane da kwalaye suna tafiya. Da rana ta yi sai wasu suka fara fasa rumbuna da shaguna. Yaya ya rufe nasa, amma ya ƙi tafiya gida, ya zauna a ciki. Taron ya biyo ta titinsu. Yana ji ana dukan ƙofar maƙwabcinsa da ƙarfe. Ya buɗe ƙaramar ƙofarsa ya tsaya da bindiga, a cewarsa don su gani su wuce. Wani saurayi ya nufo shi da gudu, hannunsa a sama, riƙe da wani abu. Yaya ya harba sau ɗaya. Kafin a kai saurayin asibiti rai ya yi halinsa. Yaya da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda, ya ce kare kansa ya yi.

Na ce zan bar karatun in dawo. Ya aiko ta bakin lauyansa cewa in na dawo bai yafe ba.

Da na koma flat na kasa ko cire takalmi. Kelsey ta same ni zaune a ƙasa. Na gaya mata komai. Ta shiga kicin, na ji tana ta fama da tukunya. Ashe tuwon semo take ƙoƙarin yi, don ta sha ganina ina tuƙawa. Ya fito duk gudaji, ga shi ta zuba gishiri a ciki. Na cinye shi tas ina hawaye.

Bayan 'yan kwanaki ta ce mini, "Rabi, abin da yayanki ya yi, babana ma haka zai yi. Shagonsa ne, ransa ne."

Ta nuna mini hotonta tana yarinya, riƙe da doguwar bindiga kusa da barewar da ta harbo. Ta ce a garinsu bindiga kamar garma ce, kowane gida akwai, kuma haƙƙi ne da ba mai taɓa musu shi. Ta ce a jiharsu har wurin zanga-zanga mutane kan zo da bindigogi rataye a kafaɗa, masu goyon baya da masu adawa duka, kuma doka ba ta hana ba.

Maganarta ta sanyaya mini zuciya, ba zan ɓoye ba. Amma wani abu ya ɗaure mini kai.

Na ce, "Tsaya in gane. Wannan da bindiga, wancan da bindiga. Wannan yana tsoron wancan, wancan yana tsoron wannan. In aka yi harbi, wa ya kare kansa a ciki?"

Ta juya kofin shayinta. Can ta ce, "Wanda ya rayu shi ke zuwa kotu ya yi bayani." Ta faɗe shi a hankali, kamar ita ma ranar ta fara jin maganar.

Da na gama karatu Kelsey ta koma ƙasarsu, ni kuma aiki ya ƙi samuwa a Manchester. Na cika takardun neman aiki har na gaji. Sai Anti Binta, wata ƙawar yayar Inna da ke Birmingham, ta ce in taho. Mijinta likita ne, mutumin Zariya, kowa Dakta yake ce masa. Suka ba ni ƙaramin ɗakin da suke ajiye akwatuna a gidansu na Aston. Ranar da na isa, ina shiga na ji ƙamshin daddawa, sai da na dafa bango. Ban san na yi kewar gida har haka ba.

Hausawan Birmingham ba su da yawa, saboda haka labarin Yaya ya riga ni isa. A wurin wani suna na ji wata tana raɗa wa wata, "Ita ce ƙanwar mai shagon nan." Wasu suka riƙa jajanta mini kamar mu aka kashe wa. Wasu kuma suka gaishe ni sama-sama. Wata mata da ƙaninta ya fita zanga-zangar ta tashi daga tabarmar da na zauna.

A gidan Dakta kuwa maganar takan taso a kan abinci. 'Yarsu Safiyya a nan aka haife ta, lauya take karantawa a jami'a, Hausarta rabi da rabi. Na tsare ta da tambaya: da a ce a Ingila abin ya faru, me za a yi wa Yaya?

Ta ce, "Anti, first of all ba zai ma samu gun ɗin ba."

Dakta ya karɓe. "Gaskiyarta. Lokacin da nake GP, wato likitan iyali, a wani ƙauye, manoma kan zo in tabbatar da lafiyarsu kafin a ba su lasisi. 'Yan sanda su zo har gida su duba akwatin ƙarfen da za ka kulle ta. In ka ce don harbin tsuntsu ko dila kake so, za a saurare ka. In ka ce don kare kai, an gama magana, ba za ka samu ba. Nan ko barkonon fesawa kika saka a jaka, laifi ne."

Na ce, "To mutum ya tsaya a kashe shi ke nan?"

Safiyya ta ce, "No, kina da right ki kare kanki. Amma court za ta tambaya abu biyu. Me ya yi believing a lokacin, da gaske? Kuma force ɗin da ya yi amfani da shi, reasonable ne?"

"Da me ake auna tsoron mutum, Safiyya? Ni na san ma'aunin zafin jiki da na hawan jini. Na tsoro fa?"

Ta ce, "Shi ya sa ake da jury, mutanen gari da ake zaɓa su saurari case su yanke."

Anti Binta ta ce, "Ku dai ku ci abinci. Wanda aka taɓa ɗora wa bindiga a kunne, ba za ku gane abin da ke cikin kansa ba kuna zaune a Aston."

Dakta ya ce, "Haka ne, Hajiya. Shi ya sa ma ya kamata a ce ba a hannunsa take ba."

Suka yi ta yi har miya ta huce. Na lura kowa a teburin yana da gaskiyarsa, kuma ba wadda ta ishe ni.

Aikin da na samu na kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ni da digiri biyu, ina wanke ƙafafu ina canza zanin gado. Ban raina ba, amma jiki ya gaya mini. In fita kafin gari ya waye lokacin sanyi, in sauka daga wannan bas in hau wancan, yatsuna kamar ba nawa ba. Wani tsoho ya kalli hijabina ya ce ba ya so, a turo wata. Wata kuma kullum sai ta zarge ni da ɓoye mata rimot, alhali a ƙarƙashin cinyarta yake. Duk Juma'a nakan kira gida in ji yadda shari'a take, kullum amsar ɗaya: an ɗage.

A haka aka tura ni Handsworth, gidan wata tsohuwa 'yar Jamaika. Ivy sunanta, ni Mama Ivy nake ce mata. Tun tana budurwa ta zo Ingila, ta yi aikin wanki a asibiti har ta yi ritaya. Ciwon suga ya cinye mata ƙarfin ƙafafu, amma bakinta garau. Gidanta irin jerin gidajen nan ne na jan bulo masu manne da juna, falon cike da furannin roba da hotuna. Ranar farko ta ga na duba agogo ina waige-waige, ta ce, "Salla za ki yi? Shiga ɗakin gaba, ba kowa. Maƙwabtana can suke fuskanta," ta nuna kusurwa da sandarta. Ta koya mini dafa shinkafa da wake irin nasu da madarar kwakwa, ni kuma na kawo mata yaji, ta ce wannan ne abu na farko mai ɗanɗano da ta ci tun da likita ya sa mata ido.

A saman talabijin akwai hoton wani saurayi mai faɗin murmushi cikin rigar ƙwallo. Na daɗe ina son tambaya. Wata rana ina shafa mata mai a ƙafa na ce, "Mama, wane ne wannan?"

"Dennis. Autana."

"Yana ina?"

"Maƙabarta, can bayan filin shaƙatawa."

Na yi mata ta'aziyya. Ba tare da na ƙara tambaya ba ta ci gaba. Ta ce shekaru da yawa da suka wuce unguwar ta taɓa rikicewa. Mutane suka taru don nuna fushinsu a kan wani abu da aka ce an yi, taron ya koma rigima tsakanin samari da masu shaguna. Dennis yana ciki. Wani mutum da ke tsaye a ƙofar shagon ɗan uwansa ya ciro ƙaramar bindiga ya harbe shi a ƙirji.

Na ce, "A nan? Ai na ɗauka ba bindiga a ƙasar nan."

Ta yi wata 'yar dariya. "Doka ta hana, ba ta ƙare ba. An ɗaure shi saboda bindigar. Amma kisan, ya ce tsoro ya ji, ya ɗauka Dennis wuƙa zai zaro. Masu yanke hukunci suka yarda da shi." Ta gyara zama. "Na zauna a kotun nan daga farko har ƙarshe. Kowa tsoron mutumin yake tambaya. Yaya ka ji, me ka gani, me ka zata. Ɗana ma ai ya ji tsoro. Ba wanda ya tambaya."

Hannuna ya tsaya a kan ƙafarta. Ina iya yin shiru, ba wanda zai sani. Amma na ga ba zan iya ci gaba da cin shinkafarta ina taɓa jikinta ba alhali ba ta san ko ni ƙanwar wace ce ba.

Na ce, "Mama, yayana yana kurkuku a ƙasarmu. Ya harbi wani saurayi a ƙofar shagonsa ranar zanga-zanga. Shi ma ya ce tsoro ya ji."

Ta janye ƙafarta a hankali.

"Saka mini safa," in ji ta. Na saka. "Je ki. Yau kin gama."

A bas ina ta tunanin abin da zan gaya wa ofis in ta ce a canza ni. Ba aikin ne ya fi damuna ba, duk da cewa zamana a ƙasar a kansa ya rataya. Gidanta ne kaɗai wurin da nake shiga in ji kamar an san ni.

Washegari na duba jadawali, sunanta yana nan a ƙarƙashin nawa. Na je ina ɗari-ɗari. Na same ta ta sa an fito mata da kofi biyu.

"Zauna. Kina son sa?"

Na ce, "Shi ya raine ni."

"To ki ci gaba da son sa. Shi ma wanda ya harbi Dennis yana da ƙanwa. Kullum tana zuwa kotu da wata koriyar hula, ta zauna a ɗaya gefen. Na tsani hular nan kamar me. Jiya da kika tafi na kwana ina tunaninta. Ban taɓa tambayar kaina yadda take komawa gida ba." Ta tura mini kofin. "Ba zan ce miki yayanki ya yi daidai ba. Kada ki nema a wurina."

Na ce ba zan nema ba. Daga ranar muka riƙa maganar a fili. Takan tambaye ni yadda kurkukun Nijeriya yake, ni kuma in tambaye ta abin da ban iya tambayar kowa ba: ko ɗaurin da ya fi haka zai rage mata wani abu. Wata rana ta ce eh. Wata rana ta ce a'a. Ta ce ya danganta da yadda ta tashi.

An daɗe ana jan shari'ar kafin a yanke. Maƙwabtan Yaya sun ba da shaida cewa taron na ɗauke da sanduna da ƙarafa, kuma an ƙona wani shago a layin. Abin da ke hannun saurayin kuwa, wasu suka ce dutse ne, wasu suka ce waya ce, ba a taɓa tabbatarwa ba. Alƙali ya karɓi hujjar kare kai, ya sallami Yaya.

Ina kan hanyar zuwa aiki saƙonni suka fara shigowa, guɗa da kabbara da kuka. Na yi murna, murnar da ban taɓa yin irinta ba. Na sauka a tashar da ba tawa ba don in kira shi. Da fuskarsa ta fito a waya na kusa kasa gane shi. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat.

"Rabi 'yar Ingila," ya ce. "An ce har kin iya cin abincinsu."

Muka yi dariya, muka yi kuka. Ana ta shigowa yi masa barka, yana ɗaga hannu. Da ya samu sarari na ce, "Yaya, bindigar fa?"

"Tana wurin 'yan sanda. Lauya ya ce ina iya nema a dawo mini da ita."

"Za ka nema?"

Ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Rabi. Da ita ba na barci. Babu ita ma ba na barci."

Na isa gidan Mama Ivy a makare. Tana ganin fuskata ta gane.

"Sun sake shi."

Na ce eh. Na rasa yadda zan yi da bakina, murmushi yana son fitowa ina danne shi.

"Yi murnarki, yarinya, ɗan uwanki ne." Sannan ta ce, "Shi yaron, yaya sunansa?"

A duk wayar da muka yi da gida, "yaron" ake cewa, ko "mamacin". Lauya ma haka. Na ce mata ban sani ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce in miƙo mata maganinta.

Da na gama aikina na fito, na tsaya a bakin Soho Road kusa da wani mai sayar da doya da ayaba, na kira Inna. Na ji wurin da take shiru, ba hayaniyar 'yan barka.

"Inna, yaron nan da ya rasu, kin san sunansa?"

"Nura," ta ce, ba ta ko yi tunani ba. "Ɗinki yake koyo. Shi ne babba a wurin uwarsa. Talatu sunanta, abinci take sayarwa a bakin tasha."

"A ina kika san duk wannan?"

"Ina zuwa gidan."

Na matsa jikin bango don in ji da kyau. Ta ce tun bayan sadakar arba'in ta fara zuwa, ba wanda ya sani a gidanmu, takan ce asibiti za ta. Da farko a zaure take tsayawa, ta yi sallama, ba mai amsawa, ta yi addu'a ta juyo. Wata rana ƙanin Nura ya biyo ta da zagi har bakin titi. Ta sake komawa. Ana nan ana nan, ran nan ta tarar an shimfiɗa tabarma a zauren. Daga baya aka ce ta shigo ciki.

"Me kuke cewa, Inna?"

"Ba mu cika magana ba. In na tarar tana gyaran wake in taya ta."

"Yau fa? Ta ji hukuncin?"

"Daga can nake, yanzu na fito. Gida ya cika da 'yan barka, na zame ta ƙofar baya. Na ga bai kamata ta ji guɗarmu daga bakin wasu ba." Ta ƙara da cewa, "Talatu ta ce in gaida Munzali. Ta ce in gaya masa ba ta yafe ba tukuna, amma tana roƙon Allah Ya ba ta ikon yafewa."

Bas ɗina ya zo ya tsaya, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce. Na juya na koma layin su Mama Ivy, na buɗe ƙofarta da makullin da aka ba ni don aiki. Tana nan inda na bar ta, da bargo a gwiwa.

"Me kika manta?"

Na ce, "Nura. Sunansa Nura. Uwarsa Talatu."

Ta gwada faɗa, harshenta ya karkace. Na maimaita mata, ta sake gwadawa, har ya fito daidai. Sannan na zauna a bakin kujera na ba ta labarin Inna da tabarmar zaure. Ta saurara idonta a rufe.

Da na gama ta ce, "Ranar Lahadi a cocinmu ana kiran sunayen waɗanda za a yi wa addu'a. Zan ba da nasa, da na uwarsa." Ta buɗe ido ta dube ni. "Ita mahaifiyar taki, yaya sunanta?"